Abin da Ka Sa Mini a Kunne

"Mai raɗa? Duk mazan da ke cikin birnin Meziko, Nayeli, ki rasa wanda za ki so sai mai raɗa?"

Doña Hortensia ce take wannan faɗa. Tana tsaye a tsakiyar ɗakin kwalliya, mayafinta mai ruwan toka ya zame daga kafaɗa ɗaya, ko ta kansa ba ta bi ba. 'Yarta na zaune a gaban madubi, hawaye ya wanke rabin kwalliyar da aka ɓata lokaci ana yi mata.

"Mama, yana da suna. Braulio."

"Na san sunansa! Har uwarsa na sani, tana sayar da tamal, alalar masarar nan, a bakin tasha a Iztapalapa. Ba na raina sana'ar kowa, Allah ya gani, ni ma da wankau na raine ki. Amma ban yi wankau don ki koma inda na ɗauko ki ba."

To, a nan kam ba ta yi ƙarya ba. Nayeli Ocaranza ba ta gama famfara ba uwarta ta fara jan ta a hannu daga wannan ofis zuwa wancan, har aka sa ta a tallan sabulu. Daga talla ta shiga wasan talabijin mai dogon zango, ta fito a marainiya, ta sa ƙasa guda kuka. Ta girma ta yi fim, aka kira ta ƙasashen waje aka ba ta kambu. Yanzu kuma ga ta a kan dandamali, gidan wasa yana cika maƙil kullum, har ga shi gobe Lahadi wasan zai cika na ɗari. Ko direban tasi ka tambaya zai gaya maka launin rigar da ta sa makon jiya.

Shi kuwa Braulio Tapia, babu wanda ya taɓa ganin ko ƙeyarsa a talabijin.

Ai kowa ya san yadda ake aikin nan a wurinmu. Wasan talabijin da ake nunawa kullum, yaushe mutum ya ga lokacin hadda? Sai a cusa wa kowane ɗan wasa 'yar na'ura a kunne, wadda 'yan sana'a suke ce wa wake, don ba ta fi ƙwayarsa girma ba. Can a wani ɗan ɗaki mai raɗa yana zaune da makirfo, ya danna maɓalli ya karanto maganar kowa, duka suna ji, kowa ya tsinci tasa ya maimaita. Har da "juya hagu," "yi kuka," "kwaɗa masa mari." Doka ɗaya ce a aikin: murya ta fito a miƙe, ba daɗi ba ɗaci. Ɗan wasa shi zai zuba mata gishiri.

Braulio ya yi shekaru yana zuba magana a kunnen Nayeli bai taɓa karya dokar nan ba, sai rana ɗaya. Ana ɗaukar wurin da take binne ɗanta a cikin wasa, tana kuka kamar ranta zai fita, sai ta ji muryar da ba ta taɓa rawa ba ta karye a cikin kunnenta. Da aka tashi ta tambaya aka nuna mata ɗakin. Ta iske wani dogon saurayi mai tabarau yana share ido da takardar da aka naɗo masa burodi. Daga ranar zance ya ƙare.

"Murya kika so, 'yar nan, murya!" in ji Doña Hortensia. "Maganar ma da yake gaya miki ba tasa ba ce, wani ne ya rubuta."

"Wadda yake gaya mini in mun tashi aiki tasa ce, Mama."

"Ji ta, ji ta! Uwa mai tsarki ta Guadalupe, ki taimake ni da yarinyar nan!"

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, ba a jira izini ba aka shigo. Don Anselmo ne, furodusan da ya mallaki gidan wasan, wanda rabin shirye-shiryen da ake kallo da daddare daga hannunsa suke fitowa. Tumbinsa ya riga shi shigowa, warin sigari na biye.

"Sarauniyata! Wa ya taɓa mini ke? Haba Doña Hortensia, ba na ce ki bar mini maganar ba?"

Ya ja kujera ya zauna, ya kama hannun Nayeli yana bubbugawa kamar kakanta.

"Saurara da kyau. Gobe in an gama wasan yamma za mu buɗe allon tagulla na cikar ɗari. Uwar biki Doña Cuquita, uban biki Leandro Villaseñor. Talabijin za ta nuna kai tsaye. Da zarar an janye ƙyalle, Leandro zai durƙusa ya fito da zobe. Ke kuma ki ce kin yarda. Shi ke nan."

Nayeli ta zare hannunta.

Leandro Villaseñor dai shi ne jarumin da mata ke liƙa hotonsa a jikin firij. Jikan 'yan wasa ne, ɗan 'yan wasa, kyakkyawa na ƙarshe, kuma ya daɗe yana aiko mata furanni da ƙaton hotonsa a tsakiya. Su biyun ne za su ja sabon wasan Don Anselmo.

"Ba na son shi, Don Anselmo."

"Wa ya ce ki so shi yau? Ƙasar nan kaf tana son ku tare. Yaron kuma da gaske yake, da kansa ya je wurin mahaifiyarki ya nemi izini, ta ba shi. So zai biyo baya. Ba ki ga yadda muke rubuta shi a wasa ba?"

"In na ƙi fa?"

"Ba za ki ƙi ba, don ban bar wa bakinki aikin ba. Na sa an rubuta komai. Za ki sa wake."

"Ni ba na sa wake a kan dandamali, kowa ya sani!"

"Gobe za ki sa. Na ma zaɓo miki mai raɗan da kika fi sabawa da muryarsa."

Sai da ta ɗauki ɗan lokaci kafin maganar ta shige ta. Ta miƙe zumbur, kwalaben turare suka zube.

"Braulio? Shi za ka sa ya karanto mini in karɓi zoben wani?"

"Aikinsa ne, sarauniyata. In ya karanta kika maimaita, aikinsa na nan daram. In kuwa aka samu tangarɗa, daga shi ko daga ke, ba zai ƙara zama gaban makirfo a ƙasar nan ba, ko na mai tallan kankana."

Mugun mutum, kuma da murmushi ya faɗe ta. Ya tashi ya fita yana fito.

Doña Hortensia ta gyara mayafinta. Muryarta ta sauka, wannan kuwa ya fi ihun ban tsoro.

"Tun kina 'yar mitsitsiya ban taɓa fashin kujerar nan ta layin gaba ba. Duk in kika sunkuya gaisuwa, ni kike fara dubawa. To gobe in kika kunyata ni, ki duba. Ba za ki gan ni ba, kuma ba za ki ƙara ganina a kanta ba."

* * *

A matattakalar ƙarfe ta bayan gidan wasa ta same shi, inda suka saba haɗuwa. Ruwan la'asar ya fara saukowa, yana tsaye a ƙarƙashin 'yar rumfa da kofi biyu na atole, kunun masara, a hannu, ɗaya nata.

Ba ta karɓa ba.

"Gaskiya ne ka yarda?"

"Sha tukuna, zai huce."

"Braulio, ina tambayarka! Ka yarda za ka karanta?"

Ya ajiye kofunan a kan matattakala, ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, don kada ya dube ta.

"Na yarda."

"Saboda aikinka?"

"Aikin banza! Ki bari ya kore ni mana, in je in taya tsohuwa naɗa tamal, hannuna ya iya. Ba don ni ba ne, Nayeli."

"To don wa?"

"Don ke. Kin san mutumin nan. In kika watsa masa ƙasa a ido a gaban duniya, zai rufe miki kowace ƙofa. Ni na ga yadda kike in fitila ta haska ki. Ke ba ki taɓa ganin kanki ba, ni kuwa kullum ina kallo ta gilashi. In na raba ki da wannan, wata rana za ki dube ni a kan teburin cin abinci ki tsane ni."

"Kai ka yanke mini wannan hukuncin? Kai ma?"

"Ga kuma mahaifiyarki. Matar nan ta ba ki rayuwarta gaba ɗaya."

"Ta ba ni, ko ta ba ni aro?" Kuka ya ƙwace mata. "Kowa yana da abin da yake so in faɗa! Tun ina yarinya ake cusa mini magana a kunne. Na ɗauka kai kaɗai ne in mun fito nan ba ka karanta mini takardar kowa."

"Nayeli..."

"Ka ce ba ka so na. Faɗa mini da muryar nan taka ta aiki, a miƙe, in ji."

Ruwa na ɗiga daga rumfa a kan kafaɗarsa bai ma sani ba.

"Ba zan iya ba."

"Amma gobe za ka iya karanto mini in auri Leandro."

"Gobe aiki ne."

Ta share fuska da bayan hannu. Ta matso har tana jin numfashinsa, ta kama kwalar rigarsa.

"To ka ji. Shekara da shekaru ban taɓa ƙin kalma ɗaya da ta fito daga bakinka ba. Ka ce in yi kuka, na yi. Ka ce in faɗi, na faɗi. Gobe ma haka. Duk abin da ka sa mini a kunne, shi zan faɗa. In ka aurar da ni, da bakinka ka aurar da ni."

Ta sake shi ta haye sama da gudu. Shi kuma ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar matattakala, kusa da atolen da ba wanda ya sha.

* * *

Ranar Lahadi, wayyo, ba ka ga gidan wasan nan ba! Tun azahar layi ya zagaye kwana. Masu kyamara sun jibge wayoyi, 'yan jarida na ture juna, furanni har bakin titi. Nayeli ta yi wasan da ba ta taɓa yin irinsa ba. A wurin da za ta yi kukan ƙarya ta yi na gaske, mutane suka miƙe tsaye suna tafi ba su san dalili ba.

Da labule ya sauka ta koma bayan dandamali, ta iske Doña Cuquita tana jiran ta. Tsohuwar 'yar wasa ce, ta haura tamanin, ta binne maza uku, kuma ita ta riƙe Nayeli ranar baftisma, shi ya sa yarinyar ke ce mata Madrina. Bakinta ba shi da linzami.

"Zo nan, 'yar baftismata. Wannan fuska ta mai karɓar zobe ce ko ta mai zuwa cire haƙori?"

"Madrina, ki bari don Allah."

"Na bari. Amma na ga angon naki. Tun ɗazu yake gaban madubi yana gwada durƙuso, wai yana neman gwiwar da ta fi kyau a kyamara."

Ba ta rufe baki ba sai ga shi. Fararen kaya, gashi na sheƙi, haƙora kamar an jera farar shinkafa.

"Rayuwata! Yau ranarmu ce. Kin ga zoben? A'a, kada ki gani, zai ɓata mamakin." Ya juya ga mai sauti. "Kai, ɗan'uwa, ƙara mini ƙarar waken nan. Ba na son kalma ɗaya ta wuce ni."

Doña Cuquita ta kwashe da dariya.

"Ɗana, neman auren ma sai an karanto maka?"

"Haba Doña Cuquita, kai tsaye fa ake nunawa. In na manta sunanta na biyu fa?"

Wannan shi ne Leandro. Tun da ya fara sana'a bai taɓa haddace layi ɗaya ba, bai ma taɓa sauraron abin da yake faɗa ba. Magana ta shiga ta kunne ta fita ta baki, ba ta biyawa ta ko'ina. 'Yan bayan labule suna cewa in ka karanto masa farashin tumatir, zai faɗe shi har mata su suma.

Mai sauti ya miƙo wa Nayeli nata waken. Ta riƙe shi a tafin hannu kamar garwashi, sannan ta cusa a kunne.

"Gwaji," in ji muryar da ta fi sani a duniya. A miƙe, ba daɗi ba ɗaci. "In kuna ji ku ɗaga hannu."

Ta ɗaga hannu. Can sama, a bayan kujerun ƙarshe, akwai ɗan ɗaki mai gilashi. Ta hango tabarau, ta hango tumbin Don Anselmo a tsaye a bayansa.

Aka ɗaga labule. Fitilu suka haske, tafi ya ɓarke. A tsakiyar dandamali ga allon tagulla an rufe shi da jan ƙyalle. A layin gaba ga Doña Hortensia a kujerarta, ta sha ado, mayafinta mai ruwan toka a kafaɗa, ta ƙura wa 'yarta ido.

Doña Cuquita ta yi jawabinta da ka, ta tsokani kowa har da gwamnati, aka yi ta dariya. Ita da Leandro suka kama ƙyallen suka janye. Sunan Nayeli ya bayyana a jikin tagulla, mutane suka yi ihu.

"Leandro, taku biyu gaba," in ji muryar. "Durƙusa. Fito da zobe."

Ya durƙusa a kan gwiwar da ya zaɓa. Mata suka saki ƙara, wata a sama ta ce, "Wayyo zan mutu!"

"Leandro: Nayeli, ƙasar nan ta daɗe da sanin abin da zuciyata ke ɓoyewa."

Leandro ya maimaita, har da dafe ƙirji.

"Leandro: A gaban mahaifiyarki da masoyanki, ina roƙonki ki zama matata."

Ya maimaita. Gidan ya yi tsit, kyamarori suka matso.

"Nayeli, dubi zoben. Murmushi."

Ta dubi zoben. Ta yi murmushi.

"Nayeli..."



Tana jin numfashinsa a cikin kunnenta. Layi na gaba kalma biyu ne, ta sani, shi ma ya sani. Zuciyarta na bugawa kamar za ta fasa riga. Ta riga ta buɗe baki tana jira, don alkawari ta yi.

Mai raɗa in zai yi tari ko zai haɗiye yawu, yakan ɗage yatsa daga maɓalli. Wannan shi ne abu na farko da ake koya wa ɗan koyo. Braulio ya sunkuyar da kai don ya tattaro ƙarfin hali, ya ɗauka ya ɗage yatsan. Bai ɗage ba. Ya yi magana da kansa, can ƙasa, da muryar da ta karye:

"Kada ki yarda, Nayeli. Don Allah kada ki aure shi. In kika aure shi na mutu."

Kafin ta gama fahimtar abin da ta ji, sai ta sake jin sa. Wannan karon daga gabanta.

Leandro Villaseñor, yana durƙushe, zobe a hannu, ya ɗaga kyakkyawar fuskarsa ga kyamara, ya cika murya yadda ya saba:

"Kada ki yarda, Nayeli! Don Allah kada ki aure shi! In kika aure shi na mutu!"

Jama'a! Gidan ya ɗauke wuta. Sai wani mutum daga tsakiya ya ɗaga murya:

"Ta auri wa? Ba kai ne mai neman ba?"

Leandro ya yi ƙifi-ƙifi da ido. Bai san ya yi wani abu ba, yana jiran layi na gaba ne.

A ɗakin sama Don Anselmo ya yi kukan kura ya cafki makirfo, maɓalli na nan a danne.

"Kai jaki! Wa ya rubuta wannan? Ka kashe ni!"

"Kai jaki!" in ji Leandro da dukkan zuciyarsa. "Wa ya rubuta wannan? Ka ka..." A nan ne ya farga, ya toshe bakinsa da akwatin zoben.

Dariya ta fashe kamar an ɓalle famfo. Doña Cuquita ta riƙe allon tagulla don kada ta faɗi, hawaye na zubo mata.

Amma Don Anselmo tsohon hannu ne. Ya sassauta murya, ya yi magana da sauri a kunnen Nayeli:

"Sarauniyata, ba abin da ya ɓaci. Yi dariya. Ki ce Leandro akwai barkwanci. Ki ce kin yarda. Yanzu! Zan manta da komai, yaron ma ba zan taɓa shi ba. Ki dubi mahaifiyarki."

Ta duba. Doña Hortensia ta haɗa hannuwa biyu a ƙirji, leɓɓanta na motsi: "Ki ce eh. Ki ce eh, 'yata."

Ƙofa ce a buɗe, wallahi. Kalma biyu, komai ya koma yadda yake.

Nayeli ta sa yatsa biyu ta zaro waken daga kunnenta. Ta ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Dariyar ta mutu.

"Kun san wannan?" Muryarta ta kai har kujerar ƙarshe. "Da shi na sa ku kuka tun ina yarinya. Duk maganar soyayyar da kuka ji daga bakina a talabijin, ta nan ta shigo. Wadda kuka ji yanzu daga bakin Leandro kuwa, ba wanda ya rubuta ta. Mai ita yana can sama."

Ta nuna ɗakin gilashi. Kawuna suka juya gaba ɗaya, kyamarori suka bi su.

"Leandro, tashi, kada wandonka ya yi datti. Ka yi haƙuri. Ba zan aure ka ba, kai da kanka ka hana ni."

"Ni?" in ji Leandro. Ya taɓa kunnensa. "Ba a ba ni layi a nan ba."

"Braulio Tapia!" ta ƙwala kira. "Na gaya maka duk abin da ka sa mini a kunne shi zan bi. To na ji. Sauko!"

Ba motsi. Sai Doña Cuquita ta fara tafi tana cewa, "Ya sauko! Ya sauko!" 'Yan sama suka ɗauka, 'yan ƙasa suka karɓa, har masu sayar da alewa a bakin ƙofa. Gidan gaba ɗaya ya ɗauki "Ya sauko! Ya sauko!" ana buga ƙafa.

Ƙofar ɗakin ta buɗe. Ga shi nan tafe ta tsakiyar kujeru, dogo, rigarsa duk ta yamutse inda Don Anselmo ya shaƙe shi, tabarau a karkace. Mata na shafa masa baya, wani tsoho ya ce, "Yi sauri, ɗana, kafin ta sake shawara!" Ya yi tuntuɓe a matattakala, ya hau dandamali karo na farko a rayuwarsa. Fitila ta kashe masa ido.

Aka miƙa masa makirfo. Mutumin da ya karanta maganar soyayya fiye da kowa a ƙasar nan ya tsaya baki buɗe, ko "a" ta kasa fita.

"An kore ni," shi ne abin da ya iya cewa.

"Ni ma," in ji Nayeli, tana kuka tana dariya.

"Ba ni da zobe."

Doña Cuquita ta tuɓe ɗaya daga yatsanta. "Ungo. Na mijina na biyu ne, shi ya fi dama-dama."

Har yanzu yana tsaye kamar an dasa shi. Sai Nayeli ta yi ɗage, ta kai bakinta kunnensa, ta daidaita murya a miƙe, ba daɗi ba ɗaci:

"Braulio, durƙusa. Ɗago kai. Gyara tabarau."

Ya durƙusa, ya ɗago kai, ya gyara tabarau.

"Sauran fa?" ya tambaye ta a hankali.

"Sauran naka ne."

"Nayeli, ni ban iya magana ba in ba a rubuce ba. Ɗaki biyu ne gidanmu, kuma rufin na yoyo. Amma ina son ki tun kafin ki san akwai mutum a bayan muryar nan. Za ki aure ni?"

"Na yarda!" Ba ta ma bari ya rufe baki ba. "Na yarda, na yarda!"

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Huluna a sama, furanni na ruwa a kan dandamali, mai kyamara ɗaya ya saki aikinsa yana share hawaye. Braulio ya zura mata zoben, ya yi mata yawa, ta dunƙule hannu don kada ya faɗi. Ta ja shi gaban dandamali, suka sunkuya gaisuwa tare.

Da ta ɗago, idonta ya tafi inda ya saba zuwa tun tana yarinya.

Kujerar ba kowa.

Tafin ya yi mata nisa. Ta ƙanƙame hannun Braulio har sai da ya ji zafi.

"Ta tafi," ta ce. "Braulio, Mama ta tafi."

Ya riƙe ta. Doña Cuquita ta tako a hankali, ta tsaya kusa da su, ta ƙanƙance ido tana leƙen layin gaba.

"Mene ne wancan a kan kujerar?"

Nayeli ta share ido ta duba. Mayafin ne mai ruwan toka, an ninke shi tsaf, an ajiye a tsakiyar kujera.

"Na san Hortensia tun tana wankau," in ji tsohuwar. "Fushi ta yi, kuma za ki sha shi, kada ki ce ban gaya miki ba. Amma matar da ba ta taɓa mance ko allura a gidan mutane ba? Wannan kama wuri ta yi, 'yata, don kada wani ya zauna mata."

Nayeli ta saki hannun Braulio, ta tattare rigarta, ta sauka daga dandamali ana ta tafi. Wani ɗan jarida ya riga ya matso zai zauna a kujerar don ya samu hoto mai kyau. Ta dafe masa kafaɗa.

"Malam, tashi. Da mai ita."